Ƙurɗuba a Idon Matafiyi daga Ƙasar Gumel

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana abin da matafiyi daga ƙasar Gumel zai tarar idan ya ziyarci Ƙurɗuba, wato tsohon birnin nan na kudancin ƙasar Sifen wanda mutanensa ke kira Kordoba. Dalilin zaɓen wannan birni kuwa shi ne, duk da nisansa, yana da daɗaɗɗiyar alaƙa da karatun da ake yi a zaurukan malamanmu, ko da yake ba kowane ɗalibi ne ya san haka ba.

Daga Madrid jirgin ƙasa mai sauri yakan kai mutum Ƙurɗuba cikin kamar awa biyu. Birnin yana bakin kogin Guadalquivir, sunan da asalinsa Larabci ne, ma'anarsa babban kwari. Zafin bazara a can yakan wuce awo 40, saboda haka mutumin Maigatari ba zai yi baƙuntar yanayin ba. Haka kuma tsarin tsofaffin gidajen ba zai ruɗa shi ba: lunguna ne matsattsu, kowane gida yana da ɗakin shiga irin zaurenmu, sannan tsakar gida wadda ɗakuna suka kewaye.

Babban abin da ke jan baƙi shi ne masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya soma ginawa wajen shekarar 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi har zuwa ƙarshen ƙarni na 10. Ginshiƙansa sun haura 850, da bakuna masu ratsin ja da fari a kansu. Bayan da Sarki Fernando na Uku ya ci birnin a 1236 sai aka mayar da ginin majami'a, kuma a 1523 aka fara gina wata babbar coci a tsakiyarsa. Don haka ya kamata matafiyi ya sani tun daga gida cewa ba a barin Musulmi su yi salla a ciki.

To, ina alaƙar take? Ishiriniyar da ake rerawa lokacin Maulidi a Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar waƙar Alfazazi ce, haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1230. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da malamanmu ke karantarwa ta iso mana ne ta ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, malamin wannan birni da ya rasu a 848. Shi ma mai tafsirin nan da ake kira Ƙurɗubi daga garin ya samo laƙabinsa, ya kuma rasu a Masar a 1273. Waɗannan littattafai sun ratso Magriba da Sahara a hannun malamai da fatake, suka kafu a Barno da ƙasar Hausa. Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa wajen tsakiyar ƙarni na 18, gadonsu ta yi shekara kusan 500 bayan faɗuwar birnin.

Ga mai nazarin harshe akwai wani abin lura. Hausa da Sifaniyanci duka sun ari kalmomi daga Larabci, kuma sau da yawa sukan haɗa kalma da harafin "al" na farkonta su mayar da su abu guda. Alal misali, kalmar da ta ba mu "alƙali" ita ce ta ba su "alcalde", sai dai a wurinsu ma'anarta ta koma magajin gari. Akwai kuma inda kamar ke yaudara. A harabar masallacin akwai itatuwan lemo waɗanda ake kiran furensu "azahar", daidai da yadda muke rubuta sunan sallar rana. Amma tushen ya bambanta, domin tasu ta fito daga kalmar Larabci mai nufin fure, tamu kuwa daga mai nufin tsakar rana. Wannan gargaɗi ne ga ɗalibi kada ya yanke hukunci kan asalin kalma saboda kamar lafazi kawai.

Daga ƙarshe, shawararmu ga mai niyyar wannan tafiya ita ce ya sake bitar tarihin marubutan nan kafin ya tashi. Idan bai yi haka ba, zai ga ginshiƙai da bakuna ya dawo, bai san ya taka mahaifar mai Ishiriniya ba.