Wasa na Mai Sa'a, Kofi na Mai Kuɗi: Abin da Lissafi Ya Gano a Gasannin Ƙwallo

A kakar 1996/97 Manchester United ta lashe gasar Firimiyar Ingila da maki 75. Bayan shekara 22, Liverpool ta tara maki 97, sau ɗaya tak aka doke ta cikin wasa 38, amma a ta biyu ta ƙare, domin Manchester City ta ɗara ta da maki guda. Gasar ba ta canja ba, yawan wasannin ma haka, sai dai abin da ya ishi zakara a da, yau ko kusa da kofin ba ya kai ƙungiya.

Duk mai zama gidan kallo a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san musun da ba ya ƙarewa. Masoya Firimiya su ce a gasarsu kowa na iya cin kowa, su kira La Liga gasar mutum biyu, su ce Bundesliga gonar Bayern Munich ce. 'Yan Madrid da 'yan Barcelona su tashi da tasu hujjar, a yi ta ɗaga murya har mai gida ya kashe janareta. A Turai wannan musun ya daɗe da zama sana'a. Akwai masana ƙididdiga da ke cin abinci da shi, kuma abin da suka gano ya ba kowane ɓangare rabin gaskiya: a wasa guda ƙarami na iya kayar da babba a kowace gasa, amma idan aka kai ƙarshen kaka, kofi ya san gidan da yake kwana.

Dalilin farko a cikin wasan kansa yake. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai rowar ci. A manyan gasannin Turai, matsakaicin ƙwallayen da ke shiga raga a wasa ɗaya tsakanin biyu da rabi ne zuwa uku. A ƙwallon kwando kuwa kowace ƙungiya na iya tara maki ɗari, don haka kuskure ɗaya ba ya sauya komai, wanda ya fi iyawa shi ke fitowa a sama. A tamaula, ƙwallo ta bugi turke ta dawo, ko gola ya wayi gari da ƙafar dama, shi ke nan an gama. Chris Anderson da David Sally, a littafin da suka fitar a 2013, sun nuna cewa ƙungiyar da ake kyautata wa zaton nasara kafin a take wasa, da kaɗan take wuce rabin wasanninta da nasara, ƙasa ƙwarai da abin da ake gani a sauran manyan wasanni.

Wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2022 a Paris ya isa misali. Liverpool ta buga ƙwallo wajen raga sau 24, Thibaut Courtois ya tare guda tara da suka nufi cikinta. Real Madrid ba ta wuce huɗu ba, Vinicius ya jefa ɗaya, aka tashi 1-0. Wanda ya ga sakamakon kaɗai zai ce Madrid ta fi. Wanda ya kalli minti 90 ɗin ya san gola ne ya ɗauki kofin a ka.

Mutumin da ya fara ƙirga irin waɗannan abubuwa da gaske wani akanta ne na rundunar sojin saman Birtaniya, Charles Reep. A 1950, yana kallon wasan Swindon Town, ya zaro littafi da fensir ya soma rubuta kowane fasin da kowane hari. Ya shafe shekaru gommai a kan haka, har da hular masu haƙar ma'adinai mai fitila a goshi don wasannin dare. Ya gano cewa mafi yawan ƙwallaye daga fasin uku ko ƙasa da haka suke fitowa, sai ya yanke hukunci cewa a daina yawo da ƙwallo, a riƙa cilla ta gaba kawai. Koci-koci da dama a Ingila suka ɗauka. Abin da Reep bai lura da shi ba shi ne, galibin lokutan da ƙungiya ke riƙe da ƙwallo dama can gajeru ne, to dole yawancin cin ya fito daga cikinsu. Ƙirgarsa daidai take, fassarar ce ta karkace, kuma har yau a nan masu ɗora alƙaluma a Facebook suka fi tuntuɓe.

Ma'aunin da ya fi shahara a yanzu shi ne wanda ake rubutawa xG, wato ƙiyasin ƙwallayen da ya kamata ƙungiya ta ci bisa ingancin damar da ta samu. Kamfanonin tattara bayanai irin su Opta sun duba dubban ɗaruruwan hare-hare na baya: daga wace tazara aka buga, daga wace kusurwa, da ka ko da ƙafa, daga kwana ko a cikin gudu. Sai a ba kowane bugu daraja tsakanin sifili da ɗaya. Fenareti na samun wajen 0.76, domin kusan uku cikin huɗu kan shiga. Bugu daga yadi 30, irin wanda ke tayar da gidan kallo tsaye, da ƙyar yake kai 0.03. Ma'ana a buga ɗari, uku su shiga. Idan aka tara darajar dukkan bugun da ƙungiya ta yi, aka ajiye kusa da na abokiyar karawarta, ana ganin wanda ya yi wasan ko da allo ya nuna wani abu dabam. Tun 2017 BBC ta fara nuna wannan ma'auni a shirinta na sharhin wasannin ƙarshen mako.

Amfaninsa ya fito fili a labarin Jurgen Klopp. A kakar 2014/15 Borussia Dortmund ta rikito har ƙarshen teburin Bundesliga a farkon watan Fabrairu, daga baya ta farfaɗo ta ƙare ta bakwai. Jama'a suka ce kocin ya ƙare. Ian Graham, masanin fiziks da ke shugabantar sashen bincike a Liverpool a lokacin, ya bi wasannin ɗaya bayan ɗaya ta hanyar alƙaluma, ya ga Dortmund na ƙirƙirar dama irin ta mai neman mataki na biyu, ƙwallon ce kawai ta ƙi shiga. Liverpool ta ɗauki Klopp a Oktoban 2015. Ya ɗauko Kofin Zakarun Turai a 2019, ya kawo kofin gasar Ingila a 2020 da maki 99, bayan shekara 30 ana jira.

Sai dai sa'a ba ta da dogon numfashi. Wasa 38 kan wanke mafi yawanta, shekaru goma kuma su wanke sauran, abin da ke saura a ƙasan tukunya kuwa kuɗi ne. Masanin tattalin arziki Stefan Szymanski da ɗan jarida Simon Kuper sun kwatanta albashin da ƙungiyoyin Ingila ke biya da matsayin da suke ƙarewa a kai cikin shekaru masu yawa. Suka tarar albashi kaɗai na bayyana kusan kashi 90 cikin ɗari na bambancin matsayi. Kuɗin sayen 'yan wasa bai kai albashi faɗin gaskiya ba, domin ana yawan yin sayen tumun dare, amma ɗan wasa mai kyau ba ya daɗewa a kan ƙaramin albashi.

To, wace gasa ce ta fi zafi? Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirga zakaru. Cikin kaka 13, daga 2012/13 zuwa 2024/25, Bayern ta ɗauki 12 a Jamus, 11 daga ciki a jere. PSG, wadda 'yan Qatar suka saya a 2011, ta ɗauki 11 a Faransa, ta bar wa Monaco da Lille ɗaya ɗaya. A Sifaniya Barcelona na da bakwai, Real Madrid huɗu, Atletico biyu. Italiya ta sha mulkin Juventus har 2020, daga nan kofin ya shiga yawo tsakanin Inter da AC Milan da Napoli, wadda Victor Osimhen ya ci wa ƙwallo 26 a kakar 2022/23. A Ingila ƙungiyoyi biyar ne suka ɗauka, abin da ke faranta wa masoya Firimiya rai. Amma a cikin 13 ɗin nan Manchester City ita kaɗai ta kwashi bakwai, daidai da rabon Barcelona a gasar da ake yi wa gori. Huɗu ma a jere ta yi su, daga 2021 zuwa 2024, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar Ingila.

Scotland ce dai ta fi kowa: daga 1985, lokacin da Alex Ferguson ya lashe da Aberdeen, har zuwa kakar 2024/25, kofin bai fita daga hannun Celtic da Rangers ba.

Ƙirgar zakaru tana kallon sama ne kawai. Idan aka leƙa ƙasan teburi, labarin Firimiya ya fi muni. A 2002/03 West Ham ta faɗa gasar 'yan dagaji da maki 42. A 2010/11 Birmingham da Blackpool sun tafi da maki 39 kowace. A 2023/24 kuwa Luton da Burnley da Sheffield United, waɗanda duka a shekarar suka hauro, sun koma inda suka fito da maki 26 da 24 da 16, kuma ƙwallo 104 aka zura wa Sheffield. Kakar da ta biyo baya aka maimaita: Leicester 25, Ipswich 22, Southampton 12. Tottenham ta ƙare ta 17 da maki 38, amma ko gumi ba ta yi ba wajen tsira. Wannan na faruwa ne a gasar da ta fi takwarorinta adalci wajen rabon kuɗin talabijin, inda ake raba rabin kuɗin cikin gida daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi 20. Adalcin ya tsaya a cikin ɗaki ne. Tazarar da ke tsakanin waɗanda ke ciki da masu ƙwanƙwasa ƙofa ita ce ta buɗe.

Leicester ta 2016 fa? Kamfanonin caca sun sa mata 5000 a kan 1 kafin a fara kaka, ta ɗauki kofin da maki 81, wasa uku kacal ta rasa. Masu lissafi ba su musanta abin mamakin ba, sai dai suna nuna cewa a shekarar manyan duk sun yi tuntuɓe tare, Chelsea mai riƙe da kofi ma ta goma ta ƙare. Sannan a dubi abin da ya biyo baya. N'Golo Kante, wanda aka sayo daga Caen a kan ƙasa da fam miliyan shida, ya koma Chelsea a bazarar, ya sake ɗaukar kofi a can. Leicester ta kawo Ahmed Musa daga CSKA Moscow, ta ƙara da Wilfred Ndidi a Janairu, amma ta 12 ta ƙare. Haka ma a Jamus, Bayer Leverkusen ta Xabi Alonso da Victor Boniface ta lashe Bundesliga ta kakar 2023/24 ba a doke ta ko sau ɗaya a gasar ba, da maki 90. Shekara na zagayowa Bayern ta karɓi abinta.

Masu ƙaramin ƙarfi da suka daɗe a sama su ne waɗanda suka mai da lissafi jari. Masu Brighton da Brentford, Tony Bloom da Matthew Benham, dukansu daga nazarin alƙaluman caca suka yi arziki, kuma da wannan ido suke cefane. Brighton ta ɗauko Moises Caicedo daga Ekwado a kan kuɗin da bai kai fam miliyan biyar ba, ta sayar wa Chelsea a 2023 a cinikin da ya kai fam miliyan 115. Brentford ta hauro a 2021 bayan shekara 74 rabonta da babbar gasa, ta zauna daram. Babu ɗaya cikinsu da ta kusanci kofin Firimiya, domin duk wanda suka gano, masu kuɗi ke zuwa su ɗauke.

Akwai wani ma'auni da ya shafi Najeriya kai tsaye, shi ne ƙarfin gida. A manyan gasannin Turai mai masauki kan ci wajen kashi 45 cikin ɗari na wasanni. Annobar korona ta ba masana damar gwajin da ba su taɓa samu ba, filaye babu 'yan kallo. A Firimiyar 2020/21 baƙi sun ci wasa 153, masu gida 144, karo na farko da hakan ta faru a gasar. Ciyawa ba ta canja ba, tafiya ma haka. Ihun jama'a ne aka cire, kuma bincike daga ƙasashe da dama ya nuna alƙalan wasa sun rage ɗaga wa baƙi kati.

Idan da yawan zakaru ake aunawa, gasar Najeriya ta ba Turai ratar gaske. Tun da Kano Pillars ta ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, babu wadda ta kare kambunta har zuwa 2025. Enyimba da Rangers ta Inugu da Plateau United da Akwa United da Rivers United da Remo Stars duk sun ɗanɗana. Amma duk mai bin gasar ya san yadda teburin kan kasance: kowa sarki ne a gidansa, kowa kuma kan yi godiya idan ya samo canjaras a waje. Pillars ɗin ta shafe shekara 12, wasa sama da 200, ba a ci ta a gida ba, sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015. 'Yan Sai Masu Gida na da hujjar alfahari da wannan tarihi. Sai dai idan kusan kowace ƙungiya na cin na gida tana zubar da na waje, maki kan cunkushe wuri guda, teburi ya yi kamar ana fafatawa alhali bai tantance gwani ba. Doguwar tafiya a mota, filaye marasa kyau da matsin da alƙalai ke fuskanta duk suna cikin lissafin. Shaidar kuma tana fitowa idan aka fita Afirka: tun da Enyimba ta ɗauki Kofin Zakarun nahiyar a 2003 da 2004, babu ƙungiyar Najeriya da ta sake ɗaga shi.

Saboda haka mai son sanin ko gasar gida na samun lafiya, kada ya tsaya a kan sunan zakara. Ya ƙirga wasannin da baƙi suka ci a kaka, ya gwada da na bara, sannan masu shirya gasar su riƙa fitar da wannan adadi a bainar jama'a kowane mako.