Ƙwayoyin ƙara kuzari a tseren keke

Amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari a tseren keke na nufin shan magani, yin allura ko ƙarin jini da ɗan tsere ke yi domin ya samu ƙarfin da horo kaɗai ba zai ba shi ba. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, da hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, sun haramta hakan. Tseren keke yana cikin wasannin da aka fi yi wa 'yan wasansu gwaji, duk da haka zargi bai rabu da shi ba. Dalilin shi ne da yawa daga manyan badaƙaloli ba gwaji ne ya bankaɗo su ba, 'yan sanda ne, jami'an kwastam da shaidar abokan tsere.

Tarihi

Gasar Tour de France, wadda aka fara a 1903, tana ɗaukar makonni uku, kuma 'yan tsere suna shafe sama da kilomita 3,000 a cikinta. Tun zamanin farko wasu sukan sha giya da magungunan kashe raɗaɗi don su jure wahalar. Faransa da Beljiyam sun kafa dokar hana hakan a 1965. An fara gwaji a Tour de France a 1966, inda washegari 'yan tsere suka sauka daga kekunansu suna turawa domin nuna rashin amincewa.

A ranar 13 ga Yuli 1967 ɗan Birtaniya Tom Simpson ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux yana da shekara 29. An samu ƙwayar amfetamin da giya a jikinsa. A 1978 kuma aka kama Michel Pollentier na Beljiyam, wanda ke kan gaba a gasar, da fitsarin wani mutum a cikin wata 'yar jaka da ya ɓoye a jikinsa.

Zamanin EPO

EPO sinadari ne da ƙoda ke samarwa domin ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke kai iskar oksijin ga tsoka. An ƙirƙiro na roba saboda masu ƙarancin jini, amma daga farkon shekarun 1990 ya bazu a tsakanin 'yan tsere. Kusan shekara goma babu gwajin da ke gano shi. A 1997 UCI ta saka iyaka: duk wanda jajayen ƙwayoyi suka haura kashi 50 cikin 100 na jininsa za a dakatar da shi na kimanin mako biyu. Wannan bai hana shan EPO ba, sai dai ya nuna wa masu sha inda za su tsaya. A kan wannan doka ce aka cire Marco Pantani daga gasar Giro ta Italiya a 1999 yana kan gaba.

A watan Yulin 1998 jami'an kwastam na Faransa suka tare motar Willy Voet, mai kula da 'yan tseren ƙungiyar Festina, a kan iyakar Beljiyam, suka tarar da ɗaruruwan kwalaben EPO da wasu magunguna. Cikin 'yan tsere 189 da suka fara gasar wannan shekarar, 96 ne suka kammala. Badaƙalar ce ta kai ga kafa WADA a watan Nuwamban 1999. Ɗakin bincike na Châtenay-Malabry da ke kusa da Paris ya samar da gwajin fitsari mai gano EPO a 2000.

Yadda ake gwaji

Ana karɓar fitsari ko jini a gaban jami'i, a raba shi kwalba biyu, A da B, a rufe, a aika ɗakin binciken da WADA ta amince da shi ba tare da sunan mai shi ba. Idan kwalbar A ta nuna haramtaccen sinadari, ɗan wasa yana da damar neman a buɗe B. Ana gwaji lokacin gasa da kuma lokacin hutu, don haka manyan 'yan tsere suna ba da bayanin inda za a same su na awa ɗaya a kowace rana. Wanda ya saɓa wannan sau uku cikin wata 12 ya aikata laifi. Ana iya ajiye samfur har shekara goma a sake gwada shi idan an samu sabuwar hanya.

A 2008 UCI ta fara aiki da abin da ake kira fasfo na jini. A nan ba maganin ake nema ba, ana bin yadda jinin mutum ke sauyawa ne tsawon lokaci, domin ƙarin jini da EPO suna barin alama ko bayan sun fita daga jiki. Tun daga 2021 wata hukuma mai zaman kanta, ITA, ce ke gudanar da gwajin a madadin UCI.

Inda gwaji ya gaza

Lance Armstrong na Amurka ya lashe Tour de France sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, kuma ya sha kafa hujja da yawan gwaje-gwajen da ya tsallake. A 1999 an ga sinadarin kotizon a fitsarinsa, amma aka rufe maganar da takardar likita da aka mayar da kwanan watanta baya. A 2012 hukumar USADA ta Amurka ta tattara shaidar tsofaffin abokan tserensa 11, aka ƙwace duk kambunan bakwai, aka haramta masa gasa har abada. Ya amsa laifinsa a hirarsa da Oprah Winfrey a Janairun 2013.

Hanyoyin kauce wa gwaji sanannu ne. Ƙaramar allurar EPO da aka yi da dare kan iya ɓacewa kafin safiya. Ruwan gishiri da aka ɗura a jijiya yana tsinka jini. Wanda kuma aka ɗebi jininsa aka ajiye, aka mayar masa lokacin gasa, babu baƙon sinadari a jikinsa da za a gani. Irin waɗannan jakunkunan jini ne 'yan sandan Sifaniya suka samu kimanin 200 a wajen likita Eufemiano Fuentes a 2006, haka ma 'yan sandan Jamus da Ostiriya a wajen likita Mark Schmidt a 2019.

Sakamakon da aka yi jayayya a kai

Ta ɗaya ɓangaren, na'urori suna gano ɗan mitsitsin sinadari, amma ba sa faɗin yadda ya shiga jiki. A 2010 an samu kilenbuterol kaɗan a fitsarin Alberto Contador, ya ce daga naman da ya ci ne. Kotun wasanni ta duniya ba ta gamsu ba, ta dakatar da shi shekara biyu a 2012, aka ba Andy Schleck kambun. Sai dai gurɓataccen nama abu ne da ke faruwa: a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Meziko a 2011, an samu sinadarin a jikin 'yan wasa sama da 100, ba a hukunta kowa ba. A 2017 an samu maganin asma mai suna salbutamol a fitsarin Chris Froome fiye da iyakar da aka yarda, amma aka wanke shi a Yulin 2018.

Tiramadol da Najeriya

Tiramadol, wanda ake kira tiramol a arewacin Najeriya, kuma hukumar NDLEA ke yawan kamawa, ya daɗe a hannun 'yan tseren keke saboda yana kashe raɗaɗi. Yana kuma jawo jiri da barci, abin da ke da haɗari ga mai gangara dutse cikin cunkoson kekuna. UCI ta hana shi lokacin gasa a Maris 2019, kuma a kansa aka soke matsayi na shida da Nairo Quintana na Kolombiya ya samu a Tour de France ta 2022. WADA ta saka shi cikin jerin haramtattun magunguna lokacin gasa daga Janairun 2024.

Matsalar gwaji ta taɓa Najeriya a wasannin guje-guje da tsalle-tsalle. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 an hana 'yan wasanta goma shiga, ba don an same su da laifi ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta tanada kafin gasa ba. A gasar ce kuma aka dakatar da Blessing Okagbare saboda sinadarin ƙara girman jiki, daga baya aka yanke mata haramcin shekara 11.