Abubuwan da ya kamata ka sani game da matsin bakin bindigar farauta

Labarin baka ya ce maharba ne suka fara zama a inda garin Kazaure yake, ƙarƙashin wani jarumi da ake kira Kutumbi, kuma har gobe in aka kawar da amfanin gona za ka ga masu farauta sun fita da karnuka da gora, wasu da bindiga a kafaɗa. Sai dai dajin ya tsuke, naman ya ragu, wanda ya saura kuma ya yi wayo. Zabon daji yanzu daga nesa yake tashi. Shi ya sa in maharba suka haɗu, hirar ba ta wuce wace bindiga ce ta fi “kai wa nesa”. Amsar tana ƙarshen bututun bindigar, a wani wuri da tsawonsa bai wuce yatsa ba.

Mene ne matsin baki?

Bindigar farauta mai kwanso ba harsashi guda take fitarwa ba. Ƙwayoyin dalma ne masu yawa suke fita tare, suna tafiya suna bazuwa. In an ɗan tsuke bakin bututun daga ciki, ƙwayoyin sukan daɗe a dunƙule kafin su watse. Wannan tsukewar ita masu sayar da bindiga suke kira cok. Kamar mai watsa wa kaji tsaba ne: in ya buɗe hannu hatsin ya bazu ko’ina, in ya dunƙule yatsu sai ya zuba wuri guda, amma ƙarfin jifar bai canza ba. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Matsi ba ya ƙara wa ƙwaya ƙarfin shiga jiki, yawan ƙwayoyin da za su sauka wuri ɗaya kawai yake ƙarawa.

Maƙerin da ya yaɗa wannan dabara shi ne W. W. Greener na birnin Bamingam a Ingila, wanda bindigoginsa suka yi fice a wani gwaji da aka yi a 1875. A da, matsin ɗaya ne, an ƙera shi tare da bututun har abada. A 1969 kamfanin Winchester na Amurka ya fito da ɗan guntun ƙarfe mai zare da ake ɗaurawa cikin bakin a kuma kwance, ta yadda bindiga ɗaya za ta yi aikin uku ko huɗu.

Matakan matsi

Faɗin cikin bututun bindiga mai lamba 12, wadda ta fi yawa a hannun mutane, kusan milimita 18.5 ne. Ana auna matsi da kewaye mai faɗin inci 30, wato santimita 76, daga nisan yadi 40, kimanin mita 37. Baki sake, wanda ba a tsuke ba sam, yakan zuba kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayoyinsa a cikin kewayen. Ƙaramin matsi, rubu’in milimita, ya kai kashi 50. Matsakaici, rabin milimita, kashi 60. Cikakke, wanda bai ma cika milimita guda ba, kashi 70. A bindiga mai baki biyu gefe da gefe, yawanci na dama ya fi sakewa don harbin farko, na hagu ya fi tsukewa don tsuntsun da ya riga ya yi nisa.

Talotalonsu da zabonmu

A Amurka akwai talotalon daji, namijinsa kan kai kilo 8 ko fiye, ga gashi mai kauri da ke tare ƙwaya. Saboda haka kai da wuya ake nema. Maharbin yakan ɓuya ya kwaikwayi kukan macen har namijin ya zo ya tsaya, sannan ya auna a natse. Wannan irin harbi ne ya haifar da matsin da ya zarce cikakke, wanda ake so ya zuba ƙwaya wajen ɗari cikin kewayen inci 10 kacal daga yadi 40.

Wanda ya ga wannan a bidiyon waya ya ce shi ma irinsa yake so don zabi, ya yi kuskure. Zabon daji bai fi kilo ɗaya da rabi ba, kuma ba ya tsayawa a auna shi. Da gudu yake farawa, ya ratsa kara da ciyawa, sannan ya tashi fir. Fakara ta fi shi ƙanƙanta da saurin tashi. A taku goma sha biyar, ƙwayoyin baki mai tsananin matsi ba su gama buɗewa ba: ko ka kuskure gaba ɗaya, ko ka dagargaza naman har ya zama ba na tukunya ba. A ganina matsakaicin matsi da ƙwaya mai girman lamba 5 ko 6 ya wadatar da mai neman zabi a tsakanin duwatsun Roni da Kazaure, inda tsuntsu kan tashi kusa. A filayen yashi na Babura, can wajen iyakar Nijar, inda ba abin da zai ɓoye ka kuma garken zabi na hango ka tun daga nesa, cikakken matsi yana da hujja.

Dila

Abin da suke kira koyoti a Amurka ɗan’uwan dilanmu ne a kama da ɗabi’a, sai dai ya ɗan fi shi girma. Mai bin dila a yankin Gwiwa ko Roni galibi ba nama yake nema ba, ɗan akuya ko kaji aka ɗauke masa. Dabba ce mai ƙashi da fata, ƙwayar zabi ba ta isa ba sai dai ta raunata shi ya tafi ya mutu a hankali cikin rami. Manyan ƙwayoyi ake bukata, irin wadda ake rubuta BB a kwansonta, mai kaurin milimita 4.5.

To ga inda lissafin yake juyawa. Giram 28 na dalma lamba 6 ya ƙunshi ƙwaya kusan 225, amma na BB bai wuce 50 ba. Ƙwaya kaɗan ce, ana so ta taru, sai mutum ya ɗauka a ƙara matsi kawai. Alhali manyan ƙwayoyi in suka iske baki ya tsuke da yawa, gogayya suke yi da juna su lanƙwashe, su fita suna barin giɓi da dila zai wuce ta tsakiya lafiya lau. Sau da yawa matsakaici kan fi cikakke kyau da babbar ƙwaya. In kuma ƙwayar ta ƙarfe ce, wadda ta yaɗu bayan Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma a 1991, ba a bi da ita ta cikakken matsi sai wanda aka ƙera dominta, domin ba ta lotsawa kuma tana iya kumbura bakin.

Bindigar da maƙeran gida suka yi fa?

Akasarin abin da ke hannun maharbanmu harbi-ka-ruga ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ko mai baki ɗaya ƙirar gida. Ba su da zaren da za a ɗaura komai, kuma kada a gwada. Bututun da aka yi da bututun ruwa ko wani ƙarfen da ba a gwada ƙarfinsa ba, in aka bubbuge bakinsa da guduma don ya tsuke, ko aka ƙara masa albarushi don ya kai nesa, a hannun mai shi yake fashewa. Mai irin wannan bindiga abin da ya rage masa shi ne iya sanɗa, ya matsa kusa.

Gwaji a kan kwali

Bindiga biyu masu matsi iri ɗaya ba sa zuba ƙwaya iri ɗaya, haka ma kwanso na kamfani daban. Lambobin ƙwaya na Ingila ma sun ɗan saɓa da na Amurka. Don haka abin da aka rubuta a jikin ƙarfe kwatance ne kurum. A samu babban kwali a kafa shi gaban tudun yashi, nesa da hanya da dabbobi, a zana kewaye, a harba daga taku ashirin, a canza kwali a koma talatin, sannan arba’in, da irin kwanson da za a fita da shi. Inda ka fara ganin giɓin da zabo zai shige ba tare da ƙwaya ta taɓa shi ba, nan ne iyakar bindigarka. Harbi bayan wannan iyaka azabtar da dabba ne, kuma ga wanda ya yi bisimilla ya harba yana fatan ya riski naman da rai ya yanka, asara ce biyu.

Abin da ya wuce dabbar

Ƙwayar da ta rasa ƙarfin kashe zabo ba ta rasa ƙarfin tsiyaye ido ba. Lamba 6 kan yi tafiyar fiye da mita 200, BB fiye da 300, kuma a kan dutse tsalle take yi ta canza hanya. A farautar gayya, inda yara da karnuka ke gaba suna kora, ko a gonar da makiyayi ke kiwo bayan kara, wannan ya fi zancen matsi muhimmanci. Dalma kuma guba ce. Ƙurarta daga haƙar zinariya ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ta harsashi ba ta kai wannan yawa ba, amma a cire ƙwayoyin, a yanke naman da ke kewaye da raunin kafin a dafa, musamman in yara da masu ciki za su ci.

Doka

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku. Ta farauta mai baki ɗaya ko biyu lasisinta na hannun Sufeto Janar na ’yan sanda, mai ɗuri ta baki kuma a wurin Kwamishinan ’yan sanda na jiha ake neman izininta. Katin ƙungiyar maharba shaida ce ta sana’a, ba ya maye gurbin lasisi. Bayan kisan gillar da aka yi wa maharba 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu ta komawa Kano, duk mai niyyar fita farauta wata jiha ya kamata takardunsa su kasance a jikinsa, bindigar babu ɗuri kuma a naɗe, shugaban tawaga kuma ya sanar da ’yan sanda da mai garin inda za su sauka kafin su isa.