Horar da Ma'aikata a Zamanin Kwamfuta: Darasi Daga Tsarin 'Yan Taru

Kamar yadda aka sani, aikin gwamnati ya sauya salo tun daga shekarar 2001, lokacin da aka kafa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA, kuma wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya. A 2014 aka ɓullo da lambar banki ta BVN. A 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya. A zaɓen 2023 kuwa da na'urar BVAS aka tantance masu jefa ƙuri'a har a rumfunan ƙauyuka.

Wannan canji ya shafi kowane ma'aikaci a ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato. Idan akawu ya yi kuskuren harafi ɗaya a suna ko lambar asusu, albashi ko fanshon wani bawan Allah na iya maƙalewa wata da watanni. Idan malamin asibiti bai shigar da rahoton wata ba, bukatun ƙauyensa ba za su bayyana ga masu tsara rabon magani ba. Saboda haka horar da ma'aikata nauyi ne da ya rataya a wuyan shugabanni, kuma sayen na'ura kaɗai ba ya sauke shi.

Abin da tarihi ya bar mana

A Hubbare, inda aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817, nan ne kuma kabarin 'yarsa Nana Asma'u yake, wadda ta rasu a 1864. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilimi ya isa ga matan karkara. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa a matsayin alamar muƙami. Jaji kan jagoranci mata daga ƙauyensu zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fulatanci, sannan su koma gida su koyar da waɗanda ba su sami zuwa ba.

Abubuwa uku suka sa tsarin ya ɗore har bayan rasuwarta. An fara da zaɓen mutumin da jama'a suka yarda da shi, an koyar da harshen da masu koyo ke ji, kuma karatun bai tsaya ga zama ɗaya ba, ana zuwa ana komawa. Su ne kuma abubuwan da horon kwamfuta ke bukata a yau.

Aikin da ke gaban shugabanni

Na farko, kowane sashe, kamar na kuɗi, lafiya, gona da ilimi, ya ware mutum ɗaya ko biyu masu haƙuri da riƙon amana, a ba su horo mai zurfi, su kuma su koyar da abokan aikinsu a ofis. Kada a tura mutum bita don alawus ko don kusancinsa da wani babba.

Na biyu, a gina darasi kan aikin da mutum yake yi kullum. Mai karɓar haraji ya koyi fitar da rasit, malamin asibiti ya koyi cika rahoton wata. A yi bayani da Hausa, ko da rubutun da ke kan na'urar Turanci ne.

Na uku, a tsayar da lokaci kowane mako na maimaita abin da aka koya, domin bitar kwana uku a babban birni takan shuɗe da zarar an dawo gida. Shugaban sashe ma ya zauna ya koya tare da yaransa. Dattijon ma'aikaci ba zai ji kunyar tambaya ba idan ya ga maigidansa na tambaya.

Inda wutar lantarki ko intanet ke da ƙaranci, ana iya amfani da hasken rana wajen cajin na'urori, a sauke darasi a waya lokacin da aka shigo gari, ko a aika shi da murya ta WhatsApp. Masu son ƙaro ilimi ba tare da barin aiki ba suna iya neman karatu daga nesa a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ko a jami'ar NOUN.

Tsare sirrin jama'a

Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya kiyaye su. Don haka kada ma'aikaci ya ba wani lambar sirrinsa ta shiga kwamfuta, ko da abokin aikinsa ne. Ana kuma roƙon uwayen ƙasa, hakimai da limamai su ci gaba da faɗakar da jama'a cewa babu jami'in gwamnati ko na banki da ke da ikon neman lambar sirrin katin cirar kuɗi ta waya. Wanda aka nemi hakan daga gare shi ya kai rahoto ga bankinsa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.