Kundin sunaye: abin da Garhanga za ta koya daga masifar Maersk

A Garhanga, cikin gundumar Keita ta jihar Tawa, manomin Adar ba ya zuba irin baɗi cikin rumbun da ake ɗiba kullum. Ware shi yake yi, nesa da murhu, saboda gobara. Yanzu da ma'aikatun gwamnati da manyan ƴan kasuwa ke mayar da rajistocinsu cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wannan tsohuwar dabara ta shafe su.

A duk ma'aikatar da na'urorinta ke haɗe, akwai guda da ke riƙe da kundin sunaye: sunan kowane ma'aikaci, kalmarsa ta sirri, da takardun da aka yarda ya buɗe. Ita ce mai gadin ƙofa. In ta faɗi, takardu na nan lafiya lau, amma ba mai iya kai musu hannu, ko da shugaban ma'aikatar ne.

Haka ta faru ga Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Danmak, wanda ƴan kasuwarmu masu sauke kaya a Kwatano da Lome suka san kwantenoninsa. Ranar 27 ga watan Yuni 2017, wata ƙwayar cutar na'ura mai suna NotPetya, wadda ta ɓulla daga Yukren, ta mamaye na'urorinsa. Kamfanin na da kundin sunaye na Active Directory a kan na'urori kusan 150 a faɗin duniya, kowace tana kwafar ƴar uwarta, shi ya sa aka ɗauka ajiya ta wadatu. Ashe igiyar da ta haɗa su ita ce hanyar cutar. Ta shafe su baki ɗaya.

Sai guda ɗaya tak ta tsira, a wani ofishinsa na nan Afirka ta Yamma, don kuwa an ɗauke wutar lantarki kafin cutar ta iso. Ɗaukewar wuta, abin da muke tsine wa kullum! Aka saka faifan cikin jirgin sama zuwa Ingila, daga gare shi aka sake gina kundin. Shugaban kamfanin na wancan lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a Davos a 2018 cewa cikin kwana 10 sun sake ɗora manyan na'urori 4.000 da ƙanana 45.000, hasarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Maersk ya ci sa'a. Ƙaramar hukuma irin Garhanga kuwa, wadda takardun haihuwa da na haraji ke hannunta, ba ta da ofishi na biyu a wata ƙasa. Abin da ya dace da ita mai sauƙi ne: a kwafe kundin a kan faifai, a zare shi daga na'ura, a kai shi wani gini dabam, ko Keita ce. Sa'an nan lokaci lokaci a gwada mayar da shi kan wata na'ura a ga ko ya tashi, domin faifai na lalacewa shiru, kamar irin da gara ta ci ta ciki.

Kwafen ma yana tsufa. A tsarin Active Directory, in ba a canza wa'adin ba, wanda ya wuce kwana 180 ba a mayar da kundi da shi.