Gwanjon ɗakunan ajiya a Amurka: wa ke cin riba, wa ke asara?

A Amurka, kamfanoni na ba da hayar ɗakunan ajiya wata-wata. Idan mai haya ya gaza biya, dokokin jihohi sun bai wa kamfani ikon riƙe kayansa, daga bisani ya yi gwanjonsu. A Kalifoniya, jinkirin kwana 14 ya isa a aika takardar gargaɗi ta farko.

Ranar gwanjo akan yanke kwaɗo, masu saye su leƙa daga bakin ƙofa ba tare da taɓa komai ba. Wanda tayinsa ya fi shi zai kwashe duka, ya sayar ɗaya bayan ɗaya.

Shirin talabijin na Storage Wars, wanda ya fara a 2010, ya nuna harkar tamkar tsintar dami a kala. Sai dai a 2012 ɗaya daga cikin taurarinsa, Dave Hester, ya kai ƙara yana zargin masu shirin da cusa kaya masu tsada cikin ɗakunan.

Galibi ba a jin muryar mai kayan, wanda sau da yawa aiki ko gida ya rasa. Doka ta ba shi rarar kuɗin bayan cire bashi, amma kayan da ya tara sun tafi ke nan.