Yadda Ake Toshe Bakin Ƙwayar Gado a Jikin Ƙwaro

Duk gidan da ake ajiye wake a Jabo an san ƙwaron wake. Uwar tana saka ƙwai a bayan ƙwayar, tsutsa ta huda ta shige tana ci, bayan kamar wata guda ta fito ta zama ƙwaro. Kafin damina buhu ya koma gari. Shi ya sa wasu 'yan kasuwa ke zuba wa wake piya-piya, kuma ragowar wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen waken Najeriya a 2015.

Yawan magani yana da wata illa. Idan aka yi feshi, akasarin ƙwari kan mutu, amma 'yan kaɗan jikinsu na da sinadarin da ke narka gubar. Su ke tsira, su hayayyafa, jikokinsu su gaji wannan ƙarfi. Ƙwaron dankalin turawa na Amurka ya gagari magunguna fiye da 50 ta wannan hanya.

To daga ina sinadarin yake fitowa? Ƙwayar gado ce ke ba da umarni, wani ɗan aike mai suna RNA ya kai saƙon inda ake haɗa shi. A 1998, Andrew Fire da Craig Mello suka gano cewa idan aka shigar da RNA mai igiya biyu wanda ya dace da saƙon, jikin da kansa zai yayyaga saƙon. Ƙwayar gadon tana nan, amma maganarta ba ta isa ko'ina. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2006.

Masana na amfani da dabarar ta fuska biyu: ko su toshe umarnin narka guba don tsohon magani ya sake kama ƙwaro, ko su toshe wanda ba ya rayuwa sai da shi. A Disamba 2023 Amurka ta amince da feshin Calantha, wanda ke kashe ƙwaron dankali ta hanya ta biyu. Abin sha'awa, an tsara shi ya dace da saƙon wannan ƙwaron, ba na zuma ba. Sai dai a ɗakin gwaji an riga an samu ƙwaron masara da ya daina jin irin wannan magani.

Mu dai a nan, buhun PICS mai leda biyu a ciki ya fi kusa da hannu. A shanya wake ya bushe sarai, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya rasa iska ya mutu ba tare da ɗigon guba ba.